Ranar Kwas ɗin Masu Farautar 'Yan Beli

Sau ɗaya a shekara, a Asabar ta biyu ta watan Maris, doka takan tattara duk masu sana'ar tsaya wa mutane beli a gundumarmu, da mafarautan da suke turawa su kamo wanda ya gudu, ta zuba su a ɗaki guda su saurare ni awa takwas kafin a sabunta musu lasisi. Ladubban aiki nake koyarwa. Digiri biyu gare ni a tarihi, kuma iyakar abin da suka jawo mini ke nan: ɗakin taron wani otal a bakin babban titi, da mutum goma sha tara, yawancinsu masu wuya irin na bijimi, suna hamma. Farfesa suke ce mini, ba don girmamawa ba.

Ƙa'idar ba wuya. Wayoyi a kwando, kowace awa a sa hannu. Wanda ya fita kafin biyar na yamma, ko da minti ɗaya ne, awanninsa sun bi ruwa, sai baɗi. Ranar kwas kuma akan liƙa ta a ƙofar kotu tun wata guda, saboda hukuma ba ta son ɓoye-ɓoye. Masu gudun beli ma sun iya karatu. A ranar suke zuwa aski, su gai da iyayensu mata, su sayi taya.

Lonnie Purvis ya shekara talatin da ɗaya yana wannan farauta. Bara ya ƙi zuwa, ya ce ba mai koya wa kare haushi. Aka yi masa rangwamen shekara, rangwamen ya ƙare ranar Alhamis. Saboda haka a wannan Asabar, a idon doka, da shi da mai sayar da kankana duk ɗaya ne. In ya kai ƙarfe biyar a kujerarsa, ya koma mafarauci. In bai kai ba, a shekara sittin da biyu, sai ya nemi wata sana'a.

Ya zauna kusa da taga, kusa da Miss Earline Tubbs, mai kamfanin belin da yake wa aiki.

Wajen ƙarfe biyu ina bayanin cewa dole a sanar da 'yan sanda kafin a je kamu, sai na ga kunnuwan Lonnie sun yi ja.

"Miss Earline," ya ce, "duba tsallaken titi. Ki ce mini idona ne."

"Ba idonka ba ne, Lonnie. Zauna."

A tsallaken titi akwai gidan soyayyen tarwaɗa mai tebura a waje. A teburin da ya fuskanci tagarmu, wani siririn mutum ya ɗaura tsumma a wuya yana jiran abinci. Ricky Sumrall ne, wanda ya saci injin kwalekwale, Miss Earline ta tsaya masa, ya ɓace ranar shari'a. Wata huɗu Lonnie yana binsa, jiha uku, har da kwana biyu a cikin mota a bayan gidan wata gwaggonsa, wadda daga baya aka gane ta rasu tun bara.

Ricky ya ɗaga wutsiyar kifi ya gaishe mu.

"Farfesa, zan zaga bayi," in ji Lonnie.

"Bayin yana cikin ɗakin nan, Mista Purvis. Ga ƙofarsa can."

"Akwai mutum a ciki."

"Ba kowa."

Wani daga baya ya ce, "Bar shi ya je mana, Farfesa, wataƙila tsoho ya fara riƙe fitsari da ƙyar." Aji ya kwashe da dariya. Babu wanda zai iya taya shi kamun, don takardar kama Ricky sunan Lonnie kaɗai ke kanta, kuma ko da suna iyawa, wa zai ɓata wa kansa kallo?

A hutun ƙarfe uku na miƙa wa Miss Earline wayarta ta kira 'yan sanda. Suka ce motocinsu biyu suna rakiyar gawa, za su zo in sun samu sarari.

"Kin kira su?" in ji Lonnie. "Wata huɗu ina cin biskit a mota, sannan wani yaro mai kaki da bai fara aski ba ya zo ya tsince shi?"

"Ni dai a kama shi. Ko agwagwa ce ta kama shi ban damu ba. Kai kuma ka manna gindinka a kujerar nan, tsohon banza, saura awa biyu."

Ba a jima ba mai kawo abinci a gidan kifin ta tsallako da kwali, ta ce saƙo ne ga Mista Purvis. Tarwaɗa ce da zafinta, da shayi mai ƙanƙara. A murfin an rubuta: A yi karatu da kyau, Kawu Lonnie.

Aka rarraba kifin. Ni ma na ci, ba laifi. Lonnie bai taɓa ba.

Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Ya sa hannun ƙarfe huɗu har biron ya huda takarda. Ya juya kujerarsa ta kalli bango. Amma da huɗu da minti ashirin Ricky ya miƙe, ya yi miƙa, ya sakace haƙori, ya ɗaga makullin mota yana kaɗawa a hankali kamar mai kiran kyanwa. Na bayan aji kuwa suna ba Lonnie labari dalla-dalla.

"Ya buɗe ƙofa, Lonnie."

"Ya sa ƙafa ɗaya."

"Lonnie, saura minti arba'in!" in ji Miss Earline. "Wallahi in ka tashi…"

Kujerar ce ta ba ta amsa, da ta faɗi.

Ban taɓa ganin mai shekara sittin da biyu ya tsallake titi haka ba. Ya finciko Ricky daga mota, ya kayar da shi a kan tsakuwa, ya zauna masa a baya, ya danna masa ankwa. Daidai lokacin motar 'yan sanda ta iso, an gama binne gawa. Ɗan sandan, wanda da gaske bai fara aski sosai ba, ya gode wa Lonnie, sannan ya tambaye shi lasisi. Daga nan ya tambaye shi ko ya sanar da ofis. Sannan ya tambayi inda ya samo tauraron ƙarfen da ke maƙale a ɗamararsa, mai kama da nasu. A kasuwar gwanjo ya saye shi, dala tara.

Mota ɗaya ta kwashe su, kujera ɗaya. Ricky ya matsa masa wuri.

Na ƙarasa darasi, na sa hannu a takardun shaida goma sha takwas. Muna tattara kaya wayar Miss Earline ta yi ƙara a kwando. Lonnie ne daga ofishin 'yan sanda, yana neman mai tsaya masa. Ta rufe bakin wayar da tafinta ta dubi ɗakin, inda duk masu belin gundumar suke tsaye da sababbin takardunsu.

"Wa zai tsaya masa?"

Kowa ya shiga neman makullinsa.

"Mutumin da ya san duk inda ba ma dubawa?" in ji ɗaya. "In wannan ya gudu, wa za mu tura?"

Ta ɗan yi tunani, ta mayar da wayar kunne. "Lonnie, masoyi, layin ba ya da kyau."

Ranar Litinin wani sabon kamfani ya tsaya wa Ricky. Mai kamfanin ya ce yaron ba shi da wahalar samu, tunda da ƙafarsa yake zuwa. Lonnie sai ranar Laraba ya fito, da ƙanwarsa ta dawo daga tafiya ta yi belinsa.