Malam Munzali Ya Tuɓe Takalmi

A ɗakin malamai cewa ake Malam Munzali bai taɓa tsugunna wa kowa ba sai tsohonsa. Wasu su ce girman kai ya kwaso a Kaduna inda ya karanto kwamfuta. Wasu su ce haka Allah ya yi shi, ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa gindin kofin. Masinjan makarantar kuwa cewa yake, "Ai shi ya sa har yau ƙungiyar iyayen yara ke biyansa. Mutumin da ba ya gaida manya, wa zai tuna da shi?" Ta nan masinja bai yi ƙarya ba. Aikin wucin gadi Munzali yake yi a wata sakandare a Daura, kuma an gaya masa daga ƙarshen zangon nan shi ke nan, sai in sunansa ya fito cikin sababbin malaman da za a ɗauka.

Da hantsin ranar yana ɗakin kwamfuta, yana kakkaɓe kashin ɓera daga kan madannai da bakin hankici, fuska a yamutse. Janareto na ta tari a waje. 'Yan aji shida sun cika ɗakin, maza dama, mata hagu, yadda aka tsara tun zuwan shari'a, kowace na'ura an yanyame ta.

"Takardar neman aiki," in ji shi, "ba roƙo ba ce. Adireshi a sama, sai kwanan wata. Ka faɗi aikin da kake nema, ka faɗi abin da ka iya, ka sa hannu. Shi mai aikin yana bukatarka kamar yadda kake bukatarsa. Ku fara."

Ya shiga zagayawa, har ya tsaya bayan Ɗantsoho, wanda ya girme wa kowa a ajin. Da yatsa ɗaya yake dannawa, yana haɗa gumi. Aikin zuba mai yake nema a gidan man Alhaji Lawal Mai Shanu. Munzali ya karanta, ya ja tsaki mai tsawo, ya ce kowa ya saurara. Da Turanci aka rubuta, amma sai ya riƙa juyawa da Hausa, yana maƙale murya.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa. Ina gurfane a gabanka. Ni ba kowa ba ne. Mahaifina na kwance tun damina, ƙannena ni suke kallo. Ka dube ni don Allah."

Aji ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, ya manta bai sa a taimaka da na koko ba!" Hasana, monitar mata, ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa.

"Tir," Munzali ya ce. "An kawo maka na'ura daga wata uwa duniya, ka zo kana shafa mata majina. Wannan takarda ce ko maula?" Ya miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ya share rubutun kaf.

"Malam, haka na ga ana yi," Ɗantsoho ya ce a hankali.

"A ina?"

"Ko'ina."

Ɗantsoho ya miƙe, ya gyara kujerar, ya fita. Munzali bai kira shi ba.

Bayan azahar Malama Barakatu mai koyar da lissafi ta tare shi a baranda. "Munzali, gobe za a rufe sunaye. Duk masu nema sun je wajen Alhaji Lawal, saura kai. In bai sa baki ba, ko da ruwan zinari ka buga takardarka ba mai buɗe ta."

"Yaya, mai sayar da shanu ne zai zaɓi malamai?"

"Ni dai na gaya maka. Matarka Ummukulsum watanta ya tsaya. Ranar suna sai ka yanka wa jama'a kwamfuta."

Da la'asar sakaliya ya isa ƙofar gidan Alhaji, ambulan fari ƙal a hannu. Takalma sun yi tsibi a bakin zaure. Ya tuɓe nasa ya shiga. Ɗakin ya cika maƙil, warin gumi da turare da man nama sun cakuɗe. Alhaji na kishingiɗe a doguwar kujera, balangu a gabansa, yana ci yana tofar da jijiya a ƙasa kusa da gwiwoyin mutane. Duk abin da ya faɗa sai a amsa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Munzali ya yi sallama, ya miƙa ambulan da hannu biyu, yana tsaye. Alhaji ya karɓa, ya juya shi, ya ajiye gefen faranti, ya ɗora masa ƙashin da ya gama tsotsa. Maiƙo ya fara bin takardar.

"Wane ne wannan dogon?"

"Malamin kwamfuta ne, ranka ya daɗe," Kalilu, yaronsa da ke kusa da ƙafarsa, ya amsa.

"Au! Shi ya sa ya ƙame kamar falwaya." Aka bushe da dariya. "Malam, takarda ai ko mai ƙosai tana da ita. Kai da bakinka, me ke tafe da kai?"

Munzali ya buɗe baki zai ambaci difilomarsa, ya ga idon Alhaji ya riga ya koma kan nama. Ya tuna Ummukulsum da safe, tana jan guga a rijiya, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Bai san sa'ad da gwiwoyinsa suka kai tabarma ba, daidai inda aka tofar da jijiya. Ya ji danshin ya ratsa wandonsa.

"Ranka ya daɗe, ni yaronka ne," ya ji bakinsa na faɗa. "Ba ni da kowa a sama. Iyalina na kan gwiwa yau ko gobe. Ka dube ni don Allah."

"Yawwa!" Alhaji ya gyara zama, ya washe baki. "Ka ga yanzu ka yi Hausa. Kalilu, ka tuna mini da shi in na kira mutanen nan." Ya tsinko tsoka da yatsun da ya gama lasa, ya miƙo. "Ungo, malam."

Ya karɓa. Ana kallonsa, dole ya sa a baki. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya yi godiya har da jinjina, ya ja da baya.

A bakin zaure ya sunkuya yana laluben takalmansa cikin tsibin, sai ya ga an jera masa su a gabansa, an juyo su yadda zai zura ƙafa kawai.

"Ga su, Malam."

Ɗantsoho ne, tsugunne a ƙarshen layin masu jiran ganin Alhaji, har yanzu da rigar makaranta. Daga inda yake ba abin da ba a ji. Idonsa na ƙasa, bai ɗago ba.

Munzali ya zura ƙafa ɗaya. Ya so ya tambaye shi jikin tsoho, ya so ya ce gobe ya shigo aji da wuri, ya so ya wuce kawai. Maiƙon naman na nan a dasashinsa. Ya cire ƙafar, ya tsugunna daidai da shi, har na kan layi suka waiwayo.

"Ɗantsoho," ya ce, bai rage murya ba, "abin da na yi maka ɗazu a gaban 'yan aji, ban kyauta ba. Ka yafe ni."