Yatsu Uku a Bakin Faifai

Shekara ashirin da biyu Dakta Insaf da Farfesa Midhat suna rubuta wa juna wasiƙa. Shi Midhat yana Alƙahira, aikinsa tonon kaburburan fir'aunoni, ita kuma tana Luksor tana nazarin al'adun mutanen karkara. In ya haƙo abin da ya ɗaure masa kai sai ya zana ya aiko mata, ta tambayi tsofaffin ƙauye ta ba shi amsa. "Basha", wato babban basarake, take kiransa don zolaya, saboda ko cikin rami zai shiga sai da kwat.

A cikin wasiƙun nan ne ta yi sakacin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Ta ba shi labarin wani ɗaki a ƙarƙashin gidan mahaifiyarta, inda suke ajiye tarkacen girki, bangonsa duk zanen mutanen da. Wata takwas bayan nan hukuma ta iso da motar rusau, ta rushe gidan don a tone kabarin da ke ƙarƙashinsa. Mahaifiyar, tsohuwa Zakiyya, ba ta shekara a sabon gidan siminti ba ta rasu. Midhat ya aiko da ta'aziyya shafi ɗaya, sauran shafi uku kuwa murnar kabarin da ya ce shi ya gano.

Insaf ta tsane shi tun daga ranar, amma ba ta daina rubuta masa ba. Jira take.

Sai ga wasiƙa da zanen wasu fayafayan yumɓu da ya samu a kabarin, kowanne da ɗan rami uku a bakinsa, na tsakiya bai kai sauran zurfi ba. "Ina jin na bautar rana ne," in ji shi, "hantsi, tsaka da faɗuwa. Ƙanwata, mutanenki sun san irinsu?"

Ta daɗe tana kallon zanen. A kan irin fayafayan nan ake shanya kwaɓin gurasa a rana ya tashi, kuma kowace mace tana danna alamarta don kada nata ya haɗu da na maƙwabta. Alamar Zakiyya yatsu uku ce, na tsakiyan lauje ya gutsure shi tun tana budurwa.

Ta amsa da layi ɗaya: "Ka fi ni sani, Basha. Rubuta abin da ka gani."

Shekara uku ya yi yana rubutawa, littafi ya fito jibgege. Ranar ƙaddamarwa a Luksor zaure ya cika da masana, ɗaya daga fayafayan yana cikin akwatin gilashi an haska shi da fitila. Midhat yana gama jawabi Insaf ta miƙe da kwando a hannu.

"Farfesa, a gafarce ni, na zo da tsarabar ƙauye."

Ta fito da wani faifan da gurasa a kai, ta ajiye a gefen gilashin. Rami uku, na tsakiya gajere.

"Wannan na allan rana ne shi ma? Uwata ce ta gina su duka. Shekara dubu uku ka ba ta, ita kuwa saba'in ma ba ta cika ba."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, sai zauren ya ɗauka. Midhat ya sunkuya yana duba fayafayan biyu, gumi na bin wuyan kwat ɗinsa. Daɗi ya ratsa Insaf har cikin ƙashi, ba ta kuma ji kunyar hakan ba.

Ya matso kusa da ita, muryarsa ƙasa ƙasa. "Shekara ashirin da biyu, Insaf. Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta mayar da gurasarta cikin kwando.

"Ai na taɓa ba ka labarin gidan nan sau ɗaya, Basha. Buɗe gilashin, faifan uwata zan ɗauka."