Murya Ta Takwas

Saura kwana huɗu zaɓe Edita ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini takarda ba tare da ya ɗago kai ba. Shekarata ta biyu ke nan a gidan rediyon gwamnati, kuma har lokacin ba a tabbatar da ni a aiki ba.

"Murya takwas nake so don shirin ra'ayin jama'a," in ji shi. "Uku masu goyon bayan jam'iyya mai mulki, uku na 'yan adawa, biyu waɗanda ba su yanke shawara ba. Maza huɗu, mata huɗu. Ban da ɗan takara, ban da jami'in jam'iyya, ban da ɗan'uwanki. Ƙarfe huɗu na yamma su kasance a nan."

"Ranka ya daɗe, idan mutanen da na tarar ba haka ra'ayinsu ya rabu ba fa?"

"Sai ki yi ta tambaya har ya rabu haka."

Ba mugu ba ne Edita. Kowace jam'iyya ta ajiye mutum wanda ba shi da aikin yi sai sauraronmu da agogo a hannu. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya da daƙiƙa goma, kafin gari ya waye takardar ƙorafi ta iso, kuma a kansa take sauka.

Na fita tare da direbanmu, wanda kowa ke kira Sarkin Birki. Maza ba su ba ni wahala ba. A tashar mota, da suka ga makirfo mai tambarin gidanmu, har ture juna suke yi. Na zaɓi wani bakanike da wani mai faci da malamin makaranta da wani mai shagon waya. Kowanne sai na tambaye shi ko yana riƙe da muƙami a jam'iyya, kowanne kuma ya rantse ba ya riƙe da komai.

Mata ne suka gagare ni. Wata ta ce sai ta tambayi maigidanta. Wata ta yi magana mai daɗi na minti biyu, da na ce ta faɗi sana'arta sai ta ce in goge. Da ƙyar na samu uku kafin azahar. Saura mace ɗaya wadda ba ta yanke shawara ba. Na tare mata sun fi ashirin a bakin asibiti da layin famfo, duk wadda ta yarda ta yi magana ta riga ta zaɓi ɓangare, waɗanda ba su zaɓa ba kuwa ba sa son a ji muryarsu.

"Ni fa ban yanke shawara ba," in ji Sarkin Birki. "Ba ni ɗankwali in ƙanƙance murya."

Ban yi dariya ba. Ƙarfe uku saura kwata. Na ce ya kai ni sabuwar kasuwa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana sayar da zare da allura da maɓalli a layin baya. Da can rumfarta a bakin hanya take, sai aka zo faɗaɗa titi aka rushe rumfuna arba'in da ɗaya, aka tura masu su can ƙurya kusa da kwata, inda mai saye ba ya kaiwa sai ya ɓata hanya. Gwaggo ce matan suka yi shugabarsu. Ita ke rubuta musu takardar koke, ita ke jagorantarsu zuwa ofishin kasuwa.

Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata halin da nake ciki.

"Ke da kika ce an hana ku ɗaukar dangi?"

"Ba wanda zai sani, Gwaggo. Ba a faɗin suna, sana'a kawai. Kin yanke shawarar wanda za ki zaɓa?"

"Ina fa! Duk jirgi ɗaya ya kwaso su." Ta dube ni, ta ga yadda gumi ya jiƙa mini mayafi. "Kunna abin naki, kada su kore ki."

Na kunna. Ta gyara zama ta ce, "Masu mulkin nan sun yi mana titi, titi mai kyau, ba zan hana su abin da suka yi ba. Amma ta kan abincinmu titin ya bi. Wata goma sha huɗu muna jiran rumfunan da aka yi mana alkawari. Su kuma 'yan adawa sun zo sun ɗauki hotonmu sun tafi, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. To wa zan zaɓa? Har yau ban sani ba."

Na koma ofis da sauran minti goma, ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

Ɗakin tace murya ƙarami ne, ba taga, an lulluɓe bangonsa da soso mai ƙura. Mutum biyu in suka zauna gwiwoyinsu na gugar juna. Ina cikin jera muryoyin Edita ya shigo da waya a kunne, ya rufe ƙofa. Ya ce in sa masa muryar mai shagon waya. Yana ji ya dafe kai.

"Wannan ai sakataren mazaɓa ne na jam'iyya mai mulki. Wani ya gan ki kina ɗaukarsa, har an bugo wa Darakta. Cire shi."

Na cire. Yanzu masu mulki biyu, 'yan adawa uku, kuma shiri zai tafi ƙarfe biyar. Na ce a cire ɗaya daga 'yan adawa su daidaita. Ya ce an riga an ware minti huɗu, kuma in aka ji an cire ɗan adawa a kwana huɗu kafin zaɓe, gara a ce gobara ce ta tashi a gidan. Ya sa na sake kunna masa sauran ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Gwaggo, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Maido farkon."

*Masu mulkin nan sun yi mana titi, titi mai kyau, ba zan hana su abin da suka yi ba.*

"Yanke daga nan. Ga ta ukunmu."

"Ranka ya daɗe, ba abin da take nufi ke nan ba. Ka ji sauran."

"Na ji. Ita ta faɗa ko ba ita ba? Mun ƙara mata kalma?"

"Amma an rushe mata rumfa. Ita ce shugabar matan da..." Ya zuba mini ido.

"Ya aka yi kika san duk wannan? A cikin faifan ba ta ce ita shugaba ba ce."

Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggona ce."

Ya ajiye wayarsa a kan tebur. Sannan ya yi magana a hankali, kamar mai lallashi.

"Ban ji abin da kika ce ba. Don in na ji, dole in cire ta, in rubuta dalili. Kin kawo jami'in jam'iyya, kin kawo 'yar'uwarki, a rana ɗaya, a makon zaɓe. Kin san inda takardar za ta ƙare, kuma wata mai zuwa ne kwamitin tabbatar da ma'aikata zai zauna. Ni ma ina da Darakta a kaina. Saura minti ashirin da biyar." Ya miƙe. "Ban ce dole ba. Ki duba ki gani."

Ya fita ya bar ni da allon kwamfuta. Na kira Gwaggo sau uku, wayarta a kashe; ba ta cika samun caji ba a layin baya. Na tuna mahaifina da ya bar aiki bara, da ƙannena biyu da ke makaranta. Na nemi wata hanya, na sake nema. Ƙarfe biyar saura minti bakwai na sa alama a bayan kalmar "ba" ta ƙarshen jimlarta ta farko, na danna na yanke. Daƙiƙa tara suka rage daga maganarta. Da hannuna na kai faifan ɗakin watsa shiri.

An sa shi ƙarfe biyar, an maimaita da safe.

Sai da na kwana biyu kafin na iya zuwa kasuwa. Tun daga bakin layin na ga abin ya canza. Matan da kan tare ni da "'yar gidan Gwaggo, an zo?" suka bi ni da ido kawai. Mai sayar da robobi, wadda shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya da Gwaggo, ta janye bencinta zuwa ɗaya gefen. Ina wucewa ta ce, ba da ni take ba amma don in ji, "Titi mai kyau! Ashe mu muke yawo a rana, wasu an riga an sallame su."

Gwaggo na zaune tana jera maɓalli a faranti. Na durƙusa a gabanta.

"Na ji kaina a rediyo," ta ce. "Ashe haka muryata take."

"Gwaggo, ni na yanke. Ba wani ba."

"Na sani. Wa zai yanke in ba ke ba?" Ba ta ɗaga murya ba. "Jiya sun je ofishin kasuwa ba su gaya mini ba. Sun ce in ba su takardun, na ba su."

Na ciro wayata. Na ce cikakkiyar maganar tana nan, zan kunna musu yanzu su ji da kunnensu. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

"In kin kunna, wata za ta ce a tura mata. Kafin la'asar ya zaga gari, 'yan adawa su hau mota da lasifika suna yawo da muryata. Gobe a kira ki a ofis. Sai mu zama mu biyu a zaune a nan, ina sayar da allura kina kore mini ƙuda?"

"To ki gaya musu da bakinki."

"Na gaya musu. Sun ce rediyo suka ji." Ta saki hannuna. "Mayar da wayarki jaka."

Na mayar. Na zauna tare da ita kusan awa ɗaya. Mutum ɗaya ne ya zo, ya sayi zare baƙi.

Ranar zaɓe aka tura ni rumfunan jefa ƙuri'a in ɗauko muryoyin masu layi, wannan karon guda shida. Rumfa ta uku da muka je a makarantar firamare ce ta bayan kasuwa. Layin mata ya miƙe har bakin katanga. Matan layin baya suna tsaye a rukuni ɗaya suna hira, Gwaggo kuma tana can baya da su da mutum goma, ita kaɗai, da katinta a hannu. Na bi layin da makirfo ina tambaya, mace bayan mace tana girgiza kai. Da na iso kanta na tsaya.

Ta dubi makirfon, ta dube ni.

"Wuce gaba, 'yar nan," ta ce. "Rana na yi."

Na wuce. Mace ta huɗu bayanta ta yarda ta yi magana, na tambaye ta sana'arta, na kunna.

A watan da ya biyo baya aka tabbatar da ni a aiki. Gwaggo ba ta koma shugabancin matan ba, ba su kuma neme ta ba. Tana zuwa gidanmu kamar da, muna gaisawa, tana tambayata aiki, ina cewa da godiya.