Hoton Mai Hoto

"Ajiye wayar nan," in ji tsohon daga kan gado.

Auta ta tsaya cak, wayarta a saitin ɗan hoton da ta zaro daga akwati. Maƙwabcinsu mai shagon ɗab'i, wanda ya shigo dubiya, ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Mutumin da ko ruwa sai an tallafo masa kai yake sha, ga shi muryar faɗa ta dawo daram.

"Baba, hotonka ne fa. Shi kaɗai gare mu. So nake a ƙara masa girma."

"Fuskar ce tawa. Hoton na wanda ya ɗauka ne. Juya bayansa."

Ta juya. Hatimin Dogo ne, har ya fara koɗewa.

Duk layin an san tsohon, wanda ake kira Mai Hoto, da wannan hali. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar fuskokin jama'a, kuma ba mai kwafar aikinsa sai da izini. Ya taɓa maka masu buga kalanda a kotu saboda hoton wata mai sayar da lemo, ya kuwa kayar da su. Shi ko Dogo tsohon yaron shagonsa ne da ya ɓalle ya buɗe nasa a tsallaken titi, tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

"A je a tambaye shi," in ji tsohon. "In ya hana, shi ke nan."

A bakin ƙofa Auta ta tare mai ɗab'i, idonta ya ciko. "Kawu, a injinka ai yanzu za a gama. Wa zai sani? In mutumin nan ya ƙi, ba ni da abin da zan nuna wa 'ya'yana."

Tausayinta ya kama shi sosai, har ya miƙa hannu zai karɓi hoton. Sai ya mai da hannun aljihu. "Ubanki bai taɓa cin gumin wani ba. Ba a shagona za a fara ba."

Mai ɗab'i ya je shagon Dogo, ya tarar da shi yana goge gilashin kyamara, furfura ta cika masa gemu. Dogo ya saurare shi bai ɗago ba.

"Shi ya aiko ka? Da bakinsa ya ce hoton nawa ne?"

"Da bakinsa."

"Ranar da na wanke shi, cewa ya yi hasken ya ɓaci, wai ban iya komai ba." Dogo ya yi 'yar dariya. "Ashe ya ajiye."

Ya daɗe yana tonon wata tsohuwar durowa kafin ya samo fim ɗin da aka wanke hoton daga cikinsa. Ya rufe shago da rana tsaka, suka tsallaka titi tare.

Tun daga kwanar layin suka jiyo kukan mata.

Mai ɗab'i ya yi salati, amma abin da ya cika masa ƙirji alfahari ne, cewa da irin wannan mutum ya haɗa katanga. Dogo ya tuɓe takalmi, ya shiga ɗakin, ya durƙusa gaban gadon da aka lulluɓe.

"Maigida," ya ce a hankali, "na ba da izini."

Ya miƙe ya je taga, ya ɗaga fim ɗin sama, ya matsa gefe don Auta ta gani.