Mai Sunan Ntate

Mathuso na tsakiyar auna wa wata mata garin masara rediyon shagon ya faɗi abin. Daren yau sama za ta washe, iska za ta kwanta, serame zai sauka a duk ƙasar tsaunuka. Ta saki ledar a kan sikeli, gari ya zube mata a ƙafa.

Kowa a Thaba-Tseka ya san serame, raɓar nan da ke daskarewa ta kwana fari fat a kan ganye, gari ya waye ka tarar da lambu baƙi ƙirin kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Amma Maris ko ƙarewa bai yi ba, lokacin serame kuwa da saura. Ga kuma tumatir gindi arba'in a fegin surukinta da ke bayan coci, sai a satin nan suka fara ja.

Mutanen kirki kabeji suke shukawa a wannan sanyi. Tsohon ne kaɗai ya kafe a kan tumatir, shekara huɗu yana shan dariya. Bana da abin ya yi, sai idonsa ya rufe da yana, yana shafa 'ya'yan da hannu yana tambaya ko sun nuna. Ranar da zai tafi Maseru a yi masa aikin ido, bai bar mata sallahun gida ko na tumaki ba. Cewa ya yi, "'Yata, abin da nake so in fara gani ke nan." Mijinta yana can ƙetare wurin aiki, amanar tana wuyanta ita kaɗai.

Mai shagon ba zai sake ta ba sai huɗu. Ta zaro waya ta kira ƙanwar tsohon, Rakhali Puseletso, wato Gwaggo Puseletso, wadda kunnenta ɗaya ya daɗe da yin ritaya. A nan gizo ya yi saƙar, domin sunan surukin nata ma Serame ne, an haife shi wata safiya mai irin wannan raɓa. Matar ɗa kuwa ba ta kama sunan uban mijinta, ko da sunan ya faɗo a kan wani abu daban. Shekara shida Mathuso tana kewaye kalmar nan kamar mai kewaye rijiya. Ntate take ce masa, wato baba, kamar yadda ake ce wa kowane dattijo.

"Rakhali, mai sunan Ntate zai sauka yau da dare. A tara barguna, a kai lambu."

"Wa zai sauka?"

"Mai sunan Ntate."

"Yau ɗin nan? Kai, madalla. Bar mini sauran."

Mathuso ta ajiye waya hankalinta kwance, har tana yaba wa tsohuwar da saurin ganewa.

Ƙarfe huɗu da rabi ta isa bayan coci tana haki. Babu kowa. Tumatir na tsaye tsirara a jikin sandunansu, inuwar dutse ta riga ta cinye rabin fegin. Daga can gangare, wajen gidansu, ta hango hayaƙi yana tashi, ta kuma ji guɗa.

Ta tarar da tsakar gida cike. An yanka kaji biyu, tukunyar papa, tuwon masara, tana tafasa, mata na yanka ganye, maza sun jeru a jikin katanga da kofunan giyar dawa. Kowa ya yafa bargonsa na fita kunya, irin wanda ba ya barin akwati sai biki ko jana'iza. Rakhali Puseletso ta tare ta da fara'a.

"Ga barguna, kowa ya zo da nasa a kafaɗa. Wace mota ce za ta kawo yayan nawa?"

"Rakhali, ba shi ne zai zo ba. Mai sunansa na ce."

"To ai shi ne mai sunansa. Akwai wani ne?"

"Wanda ke sauka daga sama, fari, ya kashe shuka."

"Fari? Yayana baƙi ne tun yana yaro."

Maza suka kwashe da dariya. Ntate Mohlomi, abokin tsohon tun suna kiwo, wanda fegin kabejinsa ke maƙwabtaka da tumatirin, ya gane sarai. Amma ya samu abin wasa, ga kofi a hannu, ina zai saki.

"Mme Mathuso, yi mana bayani, mu tsofaffi ne. Wane ne wannan baƙo? Faɗi sunansa mu ji."

"Ntate Mohlomi, ka san abin da nake nufi."

"Ni? Ƙanƙara ce? Dusar tsauni? Fara? Abubuwa da yawa na kashe shuka. Kuma in wancan ne, ba ya zuwa a Maris, ko rediyo ta rantse. Ba zan shimfiɗa wa tumatir bargon da na yi aure da shi ba saboda magana mai harshen damo."

Ta dubi dutse. Rana ta kusa taɓa kansa, kuma da ta faɗa baya sanyi zai sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Kalmar tana nan a bakinta, gaɓa uku kacal. Ta ji haushi, ta kuma ji tsoro, don in ta faɗe ta a gaban wannan taro, har jikokinta sai sun ji labari. In ta yi shiru kuwa, tsohon zai buɗe sabon idonsa a kan baƙin ganye.

Sai ta sa hannu a aljihu. Ta kira asibiti ta wayar mai jinyar da ke kula da shi, ta buɗe murya, ta ɗaga wayar sama a tsakiyar gida.

"Ntate, ni ce. Ya jikin?"

"An cire auduga da safe, 'yata. Ashe likitan nan yarinya ce ƙarama. Wace hayaniya nake ji?"

"Baƙinka ne. Ntate, don Allah faɗa musu sunanka."

"Sunana? Sun sha ne har sun manta?"

"Faɗa dai. Rediyo ta ce yau da dare."

Har kajin da suka rage sai da suka saurara. Daga nan muryar tsohon ta fashe, wadda a da yake kiran tumaki da ita daga wancan tsauni.

"Serame! Serame zai sauka kuna zaune kuna shan giyata? Mohlomi, na san kana nan, ina jin tarinka. Kabejinka ko a cikin ƙanƙara zai rayu, mummuna ba ya mutuwa. Tashi ka rufe mini 'ya'yana."

Rakhali ta dafe ƙirji. "Au, wannan seramen. To ke me ya hana ki faɗa tun da rana?"

Haka aka kwashi hanya zuwa bayan coci, tsofaffi da matasa, wasu da cinyar kaza a hannu. Mathuso ta nuna musu yadda za a yi, a ɗora bargon a kan sanduna kada ya danne ganye, a saukar da gefensa har ƙasa, a danne da dutse. Barguna ashirin da uku, kowanne ya rufe gindi biyu, har da saura. Ntate Mohlomi ya cire nasa daga ƙarshe, yana gunaguni, ya kuma fi kowa gyara shi da kyau. Kafin duhu suka koma gida da gudu cikin riguna, haƙora na kaɗawa, suka cinye abincin tarbar mutumin da bai zo ba.

Da sassafe Mathuso ta fito, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Duniya ta yi fari. Tana isa shingen lambu motar burodi ta tsaya a bakin hanya, tsohon ya sauko da baƙin tabarau da jakar leda. Ashe bai iya jira ba, ya roƙi direba tun asuba.

Bai lura da ita ba. Ya tsaya a bakin fegi yana kallon barguna jere, sun yi tsugune cikin hazo. Ya san kowanne da mai shi. Sai ya cire hula.

"Mohlomi, kai ne da kanka? Mme Matau, har da ke da ciwon ƙafarki? A nan kuka kwana? Kai, jama'a, na gode."

Mathuso ta danne dariya har hawaye ya fito mata. Ta wuce ta gabansa, ta janye dutse, ta ɗaga gefen bargon Ntate Mohlomi a hankali. Ganye kore shar. A ƙasa, guda uku sun yi ja wur.

Tsohon ya cire tabarau ya durƙusa. Bai kai hannu ba, kallo kawai yake yi.

"Mai sunan nawa ya zo?" ya tambaya a hankali.

"Ya zo, Ntate," in ji ta. "Ya tarar duk mun rufe ƙofa."