Kacici-kacicin da Na Jefa da Rana

Tun da ciwon ya kama Ndilimeke, matata, bakinta ya karkace, magana ta yi mata nauyi. Amma kullum bayan an ci tuwon gero, in muka zauna gaban wuta, ina jefa mata kacici-kacici tana amsawa. Haka muke yi tun muna da haƙora.

'Yarmu Mwadina ta zo daga Windhoek da mota, rana tsaka. Tate take ce mini, uwarta kuma Meme.

"Tate, zan tafi da Meme. Ko sunana ba ta sani ba. Ba kowa a cikin jikin nan."

"Akwai."

"Kai da taurin kai! Tsohon bijimi ma ya fi ka jin magana. To, nuna mini."

Ba a jefa kacici-kacici da rana. Yaron goye ma ya san wannan a ƙasar Kwanyama. Sai rana ta faɗi, shanu sun shiga garke. Amma 'yar cikina ta ƙure ni a gidana, ba zan ce mata ta jira ba.

Na durƙusa gaban tabarmar. Na ce, "Tsohuwa, farin bijimin ubana yana kiwo shi kaɗai, gari ya waye ba sawunsa."

Ta sha amsa wannan. Ta dube ni, ta dubi inuwar shinge.

"Ka gani ko?" in ji Mwadina. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Ta haɗa zannuwan uwarta. Ni na ɗauke ta zuwa mota, ba ta fi kwandon gero nauyi ba. Ina gyara mata ƙafa ta riƙe mini wuyan riga, ta jawo kunnena.

"Da rana?" ta ce. "Ba ka da kunya."

Mwadina tana can baya tana fama da jaka. Ba ta ji ba. Wa zai yarda da ni? Motar ta bi yashi ta wuce.

Da yamma na shigar da shanu, na hura wuta, na zauna a kan kututturena. Nata yana gefe. Na sake jefa kacici-kacicin, a lokacinsa.

Amsar ta fito can saman giginya, fara tas. Ban faɗa ba. Wanda ya jefa ba ya amsawa.