Tukunyar da Ba a San Magininta Ba

Tukunyar farko ta fashe ne wajen ƙarfe uku na yamma, da ƙara kamar an doka ƙofar langa-langa. Malama na tsugunne a bakin ramin gasa tukwane tana tura kara cikin wuta, ba ta san lokacin da ta yi baya ta zauna daɓas cikin toka ba. Kafin ta miƙe, ta biyu ta amsa.

Manajan cibiyar raya al'adu ya fito daga ofis da biro a hannu.

"Malama, me nake ji haka?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin ne yake ƙara haka?"

Bai rufe baki ba ta uku da ta huɗu suka tafi kusan tare. Wani tsingaro ya yi tsalle ya faɗi gaban takalminsa yana hayaƙi. Manaja ya dube shi, ya dubi Malama.

"Ba tsohon nan ya ce a jira ba?"

Ai kuwa ya ce. Sau nawa ma ya faɗa.

Duk dogon hutu cibiyar raya al'adu ta unguwar takan buɗe wa yara azuzuwa, wasu zane, wasu saƙa, wasu tarihi. Malama, wadda tarihi take koyarwa a makaranta, ita aka ɗora wa shirin. Bana ta ƙara ginin tukwane, ta kuma je ta lallaso maƙwabcinta, Baba Magini, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun tana amarya take jin ƙwanƙwasarsa ta bayan katangar nan, har roba ta zo ta kashe masa kasuwa, yanar ido ta rufe masa gani, ƙwanƙwasar ta ɗauke. Sai da ta yi masa sintiri sati biyu kafin ya yarda.

Ranar farko, yara ashirin da uku sun zagaye shi a rumfar bayan cibiya, ya ce musu, "Shekara sittin ina gini, ban taɓa yaye kowa ba. Babban ɗana mota yake ja, autata allura take yi. Mu a sana'armu, ba a ce mutum ya iya sai tukunyarsa ta fito daga wuta an ƙwanƙwasa ta yi amo. Ina so in ji guda ɗaya, wadda ba hannuna ne ya gina ba, amma ni na koya. Guda ɗaya tak ta ishe ni."

Yara suka yi ta dariya, don a lokacin yumɓu ya fi yawa a goshinsu fiye da hannunsu. Amma sati huɗu bai cika ba sai ga tukwane ashirin da huɗu jere a kan katako, har da ta Malama, wadda ta gina a ɓoye bayan an tashi, ta fito da baki a karkace.

Sai damina ta ce ga ta nan. Kwana tara rana ba ta fito da kirki ba. Baba yakan bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana manna su a kumatunsa, ya girgiza kai.

"Da sanyi. In kin ji sanyi a kumatu, da sauran ruwa a ciki. Ido ƙarya yake yi, 'yar nan, kumatu ba ya yi."

Ran Litinin ya faɗi a rumfar. Ran Alhamis aka dawo da shi gida daga asibiti, kuma ba don ya warke ba. Auta, 'yarsa nas, ta tari Malama a ƙofar gida ta faɗa mata ba kwana-kwana: zuciya ce, ta gaji, likita ya ce kwana biyu ko uku. Ta ƙara da cewa duk farkawar da zai yi tambayarsa ɗaya ce, an gasa?

Shi ya sa yau Juma'a Malama ta sallami yara da wuri, ta zaɓi tukwane huɗu da suka fi haske, ta manna su a kumatu, ta ji sanyin sarai, ta ce wa ranta iska ce. Ga sakamakon nan yana hayaƙi a gaban takalmin Manaja. Ɗaya daga ciki ta yarinyar da ake wa laƙabi da Sarkin Surutu ce, wadda Baba ya fi yabon hannunta.

Wayarta ta yi ƙara. Auta ce.

"Anti, ya farka. Ya ji warin hayaƙi daga wajenku, ya ce an kunna wuta. Wai ki kawo masa."

"Yaya numfashin?"

"Ki dai yi sauri."

Malama ta tsaya da waya a hannu. Daga nan ta wuce Manaja fuu, ta shiga ɗakin tarihi.

Ɗakin ba wani babba ba ne: tsofaffin hotunan unguwa, keken ɗinki mai hannu, fitilar ƙwai, sai kabad ɗin gilashi a kusurwa. A cikinsa akwai wata 'yar tukunya baƙa da aka tsinto lokacin da ake rushe wani tsohon gida don faɗaɗa titi. Malama da kanta ta rubuta katin da ke gabanta: ba a san magininta ba.

"Ba ni makullin."

Manaja ya dafe aljihu. "Malama, wannan kayan tarihi ne. Ni na sa hannu na karɓe ta. In ta fashe a hanya, me zan ce wa kwamiti?"

"Ka ce ni na sace."

"Ƙarya za ki yi wa mutumin da ke bakin mutuwa?"

"Eh. Ko kana da wata tukunyar da za ta bushe kafin magariba?"

Ya daɗe yana kallonta. Mutum ne mai tsoron takarda, amma ba mugu ba ne. Ya zaro makullin.

"Kafin in rufe ofis ƙarfe shida, tana cikin kabad ɗin nan."

Ta kai tukunyar bakin rami, ta juya ta kusa da garwashi har ta ɗauki ɗumi da warin hayaƙi, ta shafa mata toka, ta naɗe ta a mayafi. Wato har ƙaryar ma sai da ta yi mata ado.

Tsakanin cibiya da layinsu tafiyar minti goma ce, amma ranar sai ta zama kamar ba ta ƙarewa. Yayyafi ya sauko. Kwata ta cika ta malalo kan hanya, bulon da aka jera don tsallakawa duk sun yi santsi. Wani mai babur ya watsa mata ruwa har gwiwa, ko harararsa ba ta samu yi ba, hannu biyu ta rungume mayafin a ƙirji. Mai shagon kwana ya ce, "Malama, jariri aka yi mana ne?" Ta wuce abinta.

Ɗakin Baba na warin man zafi. An jingina shi da matashi uku, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Auta na zaune a bakin gado riƙe da kofi da cokali. Ta dubi mayafin, ta dubi fuskar Malama, ta kawar da kai.

"Baba, sannu. Ga ni."

"'Yar nan." Muryar ta shige ciki. "Kin gasa?"

"Na gasa, Baba."

"Miƙo."

Ta ɗora masa a cinya, tana tallafe da gindin. Hannuwansa suka bi jikin tukunyar a hankali, daga ciki zuwa wuya. Ya sunkuya ya shinshina. Sa'an nan ya lanƙwasa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa.

Amon ya tashi siriri, ya cika ɗakin, ya daɗe bai mutu ba.

Baba ya karkata kai yana saurare. Ya sake ƙwanƙwasawa. Babban yatsansa ya zura ƙarƙashin leɓen tukunyar, ya zagaya, ya tsaya a wuri ɗaya.

"Wa ya gina?"

"Sarkin Surutu."

"Sarkin Surutu," ya maimaita. Wani abu ya taso masa, Auta ta zabura ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Sai da ta lafa ya ce, "Ashe yarinyar nan ta girme ni."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kawo yatsanki." Ya kamo hannunta ya kai ƙarƙashin leɓen. "Kin ji? Alamar farce uku, biyu a tsaye, ɗaya a kwance. Babana ke nan. Duk abin da ya gina sai ya sa. Ina ɗan shekara bakwai, wannan amon ne yake tashe ni daga barci." Ya numfasa. "Na ɗauka babu sauran ko ɗaya a duniya. A ina kika samo ta?"

Ta faɗa masa, kabad da kati da komai. Hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Baba, ka yafe mini. Na ji sanyin. Wallahi na ji shi, na ƙi yarda."

"Nawa suka fashe?"

"Huɗu."

"Huɗu kawai? Ni sha ɗaya na fasa wa babana ranar da na yi gaggawa, ya bi ni da muciya har bakin titi." Ya rufe ido, ya buɗe. "To kin shiga sana'a. Wanda bai fasa ba bai fara ba."

"Sauran ashirin suna nan. In rana ta fito gobe…"

"Ko ta fito, sai sun ƙara sati. Kada ki taɓa su." Ya faɗi wannan da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba. "Yaran nan sati huɗu suka yi suna gini. Kada ki fasa musu saboda ni. Ba zan kai ba, na sani, Auta ma ta sani, tana dai ɓoye mini ne da cokalinta."

Auta ta ajiye kofin ta fita tsakar gida.

"Matso da kunnenki." Malama ta sunkuya har kanta na taɓa tukunyar. Ya ƙwanƙwasa, a hankali wannan karon. "Riƙe wannan. In ta yi miki haka, ta gasu, mai ita ya iya. In ta yi ƙwal kamar katako, a sake gini. Ke za ki saurara mini."

"To, Baba."

"Ki bar mini ita zuwa safe."

Agogon bango ya nuna shida saura kwata. Malama ta dube shi sau ɗaya, ta gyara masa tukunyar a gefen matashi. Da ta fito ta kira Manaja, ta shirya jin faɗa. Ya saurara har ta gama, ya ce, "To. Ai kabad ɗin ba gudu zai yi ba."

Da hantsi washegari, tana shanya a tsakar gidanta, rana ta fito tar karon farko cikin kusan sati biyu, ta ji kukan Auta ta bayan katanga. Rigar da ke hannunta ta koma cikin bokiti. Auta ta ce mata daga baya sai da suka zare babban yatsansa daga ƙarƙashin leɓen tukunyar.

Ranar rufe shirin hutu ta zo tukwane ba su bushe ba. Manaja ya so a jera su haka nan don iyaye su gani, Malama ta ce ba mai ɗaga su daga katako. Masu zane suka nuna zanensu, masu saƙa suka nuna saƙarsu, 'yan ajin Baba suka tsaya hannu rabbana suna zumɓura baki. Malama ta tara Sarkin Surutu da sauran ukun da tasu ta fashe ta faɗa musu gaskiya, ita ta fasa, ba hannunsu ba ne. Sarkin Surutu ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba, abin da duk unguwa ta ce ba a taɓa gani ba, sa'an nan ta dawo ta nemi yumɓu.

Kullum da safe Malama na bin tukwanen da kumatu. Rana ta tara ta manna ta farko ta ji ba sanyi. Ta sake mannawa a ɗaya kumatun, don ta daina yarda da kanta. Ta bi ashirin ɗin duka, sa'an nan ta ƙara musu kwana guda.

Uku suka tsage a wuta, sha bakwai suka fito. Yara suka yi layi, kowa rungume da tasa, Malama na zaune a kan kujerar Baba, tukunyar babansa a gefenta da sabon kati ɗauke da sunan magininta, wanda Auta ta faɗa. Takan ƙwanƙwasa tsohuwar, ta ƙwanƙwasa sabuwar, ta saurara. Shida suka yi ƙwal. Sha ɗaya suka yi amo, kuma ta ƙarshensu ita ce ta Malama, mai karkataccen bakin nan.

Da la'asar ta koma gida da ita a mayafi. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta jawo turmi ta kife a gindin katanga, ta zauna, ta ɗora tukunyar a gwiwa. Ta can ɓangaren ba motsin kowa, sai tsintsiyar Auta da ke share rumfar gidan Baba, wadda babu mai zama a cikinta yanzu.

Malama ta lanƙwasa ɗan yatsa ta ƙwanƙwasa.

Tsintsiyar ta tsaya.